Malam Husaini da Buhun Iri

Shekara talatin da huɗu Malam Husaini na Sifawa ya yi yana zama a gindin wani dogonyaro daura da kotun Bodinga. Teburinsa yana da ƙafa ɗaya gajeriya, da tsingaro yake tokare ta. A kan teburin akwai tsohuwar tafireta da ƙunshin farar takarda da kwalbar ruwan sha mai rufin totuwar masara. Sana'arsa rubuta wa mutane wasiƙa: ƙarar iyakar gona, neman aikin masinja, saƙon uwa ga ɗanta da ya tafi Legas ya yi shiru. Masu wannan sana'a uku ne a wurin, amma layinsa ya fi tsawo, ko da yake shi ya fi kowa ɓata wa mutum lokaci.

Abin da ke ɓata lokacin shi ne abin da mutane suka laƙaba wa suna karatun baƙo. In ya gama buga wasiƙa, ba ya miƙa ta nan take. Sai ya cire tabarau ya goge, ya juya hularsa gaba ta koma baya, ya dubi mai wasiƙar kamar yau ya fara ganinsa.

"Salamu alaikum. Ni baƙo ne," in ji shi. "Ban san ka ba, ban san ubanka ba, ban taɓa shan ruwan garinku ba. Takardar ga kaɗai na sani."

Sai ya fara karantawa a hankali, yana tsayawa duk inda baƙo zai tsaya.

"Ka ce gonar tana bayan tsamiya. Wace tsamiya?"

"Haba Malam! Tsamiyar da kowa ya sani!"

"Kowa na garinku. Ni yau na sauka daga mota, tsamiya tara na ƙirga kafin in iso. Wacce?"

Mutum ya yi ta huci yana cewa ai shi ba gardama ya zo saye ba. Amma in wasiƙar ta isa inda aka aike ta, ba ta dawowa da tambaya. Har a majalisun Bodinga akan ce wa mai magana a dunƙule: je ka Husaini ya juya maka hula.

Da wayar hannu ta shigo, layin ya fara raguwa. Uwa ta koyi danna waya ta yi wa ɗanta faɗa da bakinta. Sauran biyun suka tashi, ɗaya ya koma sayar da katin waya, ɗaya ya rasu. Malam Husaini ya daure shekara shida yana zuwa yana zama, wata rana ba wanda zai tsaya sai akuya mai neman inuwa. Daga baya ya ɗaure tafiretar a bayan keke ya kai ta Sifawa, ya ajiye ta a zaure, ya rufe ta da tsohon zanen matarsa Zulai.

'Ya'yansa bakwai. Ta farinsu mace ce, Na'ima, kuma a gidan nan ba a taɓa jin wannan suna daga bakinsa ba. Haka ya tarar ana yi, haka ubansa ya yi da yayarsa: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a zama da shi a yi hira ido cikin ido. Tana yaye aka kai ta Lambara wurin yayarsa Habiba, can ta girma. In zancenta ya kama, sai ya ce "ta Lambara." Ita kuma Malam take ce masa, kamar kowa. Ranar da ta gama karatun kwamfuta a Sakkwato, ya saya mata rago ya aika ba tare da saƙo ba, sannan ya fita bayan gari ya yi ta tafiya cikin karan dawa shi kaɗai, don kada a ga fuskarsa.

Aikin da ya dawo da ita gida na wata ƙungiyar manoma ce mai suna Rumbu Ɗaya, wadda ta gina babban sito a Shagari. Manomi zai kawo geronsa ko wakensa bayan kaka, a auna, a liƙa wa kowane buhu lamba, a ajiye masa har farashi ya yi kyau. Shugabanta Alhaji Nuhu ne, dillalin hatsi, abokin Malam Husaini tun suna makarantar allo. Da rigima ta yi yawa kan littafin sito, wannan ya ce an goge masa, wancan ya ce an ƙara, sai ƙungiyar ta koma wata irin rajista da ba ta zaune cikin littafi ɗaya. Kwafinta yana cikin kwamfutoci masu yawa a garuruwa daban-daban, kowane sabon layi an ƙulle shi da na bayansa, ta yadda abin da ya shiga ba mai iya cire shi. Masu ilmin abin suna ce mata bulokcen. Manoma suka sa mata Ba-Gogewa.

Tun da yawancinsu ba sa karatun boko, aka kawo wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira wadda mutum zai yi wa magana ta waya da Hausarsa, ita kuma ta je ta yi masa aiki a rajistar. Suka sa mata Ɗan Aike. Ɗan Aike yana da kayan aiki huɗu: na duba kaya, na shigar da kaya, na mayar da mallaka, na ba da izinin fitarwa. Bai san ko ɗaya daga ciki ba sai ta bayanin da aka rubuta masa a kansu. Abin da aka rubuta, shi ne duniyarsa. Na'ima ce ta rubuta bayanin, da Turanci, ta kuma yi na Hausa don dattawa.

Wata safiya bayan an gama girbi, Alhaji Nuhu ya tsayar da motarsa a ƙofar zauren Sifawa, ya shigo yana kaɗa wasu takardu.

"Tsohon baƙo, kana nan da rai? Na ɗauka gara ta cinye ku kai da tafiretar."

"Ni gara ba ta cin ƙashi. Kai dai da kitse ka yi hattara."

Suka gaisa, suka sha fura. Sannan Nuhu ya ajiye takardun a kan tabarma. Ya ce dattawan ƙungiya sun ƙi yarda a saki Ɗan Aike a kan hatsinsu sai wanda suka amince da shi ya duba ko bayanin ya ishe shi. Ya ce, "An ce mini abin nan bai san kowa ba, bai san komi ba sai takarda. Na ce ai mu muna da irinsa tun da daɗewa, shina Sifawa. Baƙo zai yi wa baƙo karatu."

Malam Husaini ya duba saman shafin farko, ya ga sunan wadda ta rubuta, ya kau da ido.

"Ta Lambara ce ta yi?"

"Ɗiyarka, i. Kada ka suma."

Bayan azahar, da gida ya yi shiru, ya shimfiɗa tabarma ta biyu a gabansa, babu kowa a kai. Ya goge tabarau, ya juya hula. Ya yi wa tabarmar sallama ya ce shi baƙo ne.

Shafi na ɗaya da na biyu ba su tsayar da shi ba. Rubutu ne mai tsabta, jimla gajeru, ba kwalliya, irin wanda ya yi shekaru yana roƙon mutane su bar shi ya yi musu. A shafi na uku ya tsaya. An rubuta: "Mayar da mallaka. Yana ɗauke buhuna daga sunan mai su zuwa sunan mai saye. Yana buƙatar lambar mai kaya, da lambar mai saye, da nau'in hatsi, da yawan buhuna in an faɗa."

"In ba a faɗa ba fa?" ya tambayi tabarma. "Ɗaya zan ɗauka, ko duka?"

Ya sake karantawa. Ko'ina ba a ce wa baƙo aikin nan ba ya komawa ba. A kasuwar Shagari mutum kan sayar da safe, ya yi nadama kafin la'asar, ya koma ya ce wa mai saye don Allah a warware, a kuma warware. Manomi zai yi wa Ɗan Aike magana da wannan zuciyar, shi kuwa Ɗan Aike ba a gaya masa ya tsaya ya maimaita wa mutum abin da ya ji ba.

Na ukun ya fi tayar masa da hankali. Duk manomin da ya kai hatsi sito, in akwai buhun iri a ciki, yakan ɗaure bakinsa da jan ƙyalle. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan doka, don ba wanda ya taɓa buƙatar a rubuta. Isa, ma'ajin sito, ko mai buhun ya zo da kansa ya ce a fitar, sai ya tambaye shi sau uku. In manomi ya ce a sayar masa da geronsa, ko jariri a ƙauyen nan ya san ban da iri. Amma baƙo bai san iri ba. Baƙo ba ya ganin jan ƙyalle. A wurinsa gero gero ne.

Ya mayar da hularsa daidai.

Ranar taron da dattawan suka sa don jin hukuncinsa, aka shimfiɗa tabarmi a inuwar sito. Dattawa kusan ashirin suka zauna, ƙamshin sabon gero yana fitowa ta ƙofa. Na'ima tana gefe a kan benci, kwamfuta a cinyarta, mayafinta ruwan toka. Da Malam Husaini ya iso ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon bango.

"To, juya hular mu gani," in ji Nuhu. "Yau kallo kyauta ne."

Dattawa suka yi dariya. Malam Husaini ya kai hannu ga hular. Karatun baƙo ba a yin sa ga iska. Sai ka dubi mai rubutun, ka jefa masa tambaya, ya amsa, ka sake jefawa har ya rasa ta cewa. Ya yi wa hakimai, ya yi wa malamai, bai ji komi ba. Yanzu sai ya ɗaga kai ya dubi 'yar da bai taɓa haɗa ido da ita ba, ya tsare ta da tambaya a gaban mutum ashirin, ya nuna musu inda ta gaza. Ya ga gefen fuskarta, ya ga yadda ta riƙe bakin kwamfutar da yatsu biyu, kamar yadda uwarsa take riƙe faifai. Hannunsa ya sauko daga hular.

"Na karanta a gida," ya ce. "Rubutu mai tsabta ne. Abin da aka rubuta, ba kuskure ciki."

Gaskiya ya faɗa, kuma ya san abin da ya bari.

"Ke nan ya isa?" in ji wani dattijo daga Mandera.

"Abin da aka rubuta daidai ne," ya sake cewa, a hankali.

"Kun ji!" in ji Nuhu. "Mutumin da ya hana ni aika wa surukaina wasiƙa sai da na faɗi launin ƙofar gidansu, yau ya ce daidai. A buɗe!"

Don girmamawa, suka ce layin farko na sabuwar rajista ya zama shaidarsa. Na'ima ta buga, Nuhu ya karanta da ƙarfi: Husaini Sifawa ya karanta bayanin, ya ce ya isa. Malam Husaini bai ce haka ba. Bai kuma ce a gyara ba.

Washegari da hantsi ya yaye zanen Zulai daga kan tafireta. Zaren tawadar ya bushe, don haka ya ɗauki biro. Shafi uku ya cika. Ya jera giɓin nan uku, ya rubuta a ƙarƙashin kowanne kalmomin da ya kamata a ƙara, ya kawo misali da manomin da zai ce a sayar masa da gero yana nufin ban da iri. Ya sa kwanan wata, ya sa hannu. Saman takardar kaɗai ya bari fari, inda ake rubuta sunan wanda aka aika wa. A shekara talatin da huɗu bai taɓa barin wasiƙa ta tashi daga teburinsa ba suna ba. Ya ɗora biro a wurin, ya ɗaga. Ya sake ɗorawa.

Ya ce wa Zulai ko za ta kai.

"Ni?" ta ce, tana tankaɗe. "Ni da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ni zan tahi Shagari in ce mata ga laifinki? Ka ba Alhaji Nuhu mana."

"Nuhu ba ya riƙe takarda bai karanta wa kasuwa ba. Su ce uban ya yaba a gabanta, ya koma ya soke ta a baya."

"To ka ba Yaya Habiba."

"Sai ta ba maƙwabta su karanta mata tukun."

"To ka ci ta da miya," in ji Zulai, ta ci gaba da tankaɗenta.

Ya ninke wasiƙar ya sa a aljihun gaba na rigarsa. Ya ce ranar kasuwar Shagari mai zuwa zai san yadda ya yi. Kasuwa ta ci ta watse. Ya ce ai Isa yana nan a ƙofar sito, idonsa ba ya kuskure jan ƙyalle. Ya ce ai yarinyar mai kai ce, za ta gano da kanta. Sanyi ya zo ya wuce, zafi ya shigo. In za a wanke rigar, sai ya mayar da wasiƙar aljihun wata. Ninkin ya fara baƙi da gumi. Ɗan Aike kuwa yana ta aiki lafiya, manoma suna yabonsa, ba ya barci, ba ya cin hanci, ba ya tsawa. Kowane yabo sai ya ƙara wa Malam Husaini dalilin jira.

A Mandera akwai wata dattijuwa, Altine, wadda mijinta Ummaru ya rasu shekara biyu kafin nan. Ummaru ya yi shekara arba'in yana shiga gonarsa kafin girbi shi kaɗai, yana zaɓen zangarniyar da ta riga 'yan'uwanta nuna, yana yanke ta daban. Daga wannan haƙuri ya sami wani gero gajere mai gashi a kai, wanda tsuntsu ba ya son sauka a kansa, kuma ko ruwa ya ɗauke da wuri yakan kai. Geron Ummaru ake ce masa. A shekarar nan gara ta ci gindin rumbun Altine, sai ta sa aka sussuke komi, har damin iri, aka kai sito. Buhu shida na ci da sayarwa, na bakwai ta yage gefen tsohon rawanin Ummaru mai ja ta ɗaure bakinsa.

Da bazara ta yi nisa, farashi ya hau, ta ɗauki waya ta ce, "Ɗan Aike, a sayar mini da gerona da ke sito."

Ɗan Aike ya duba bayaninsa. Ba a faɗi yawa ba, kayan aikin kuma in ba a faɗa ba duka yake ɗauka. Ba a ce ya tambaya ba, bai tambaya ba. Ya ce mata an sayar, ta yi hamdala. Wanda ya saya ma ba mutum ba ne, wata manhaja ce mai yi wa wani kamfanin abincin kaji a Kudu sayayya. Kwana uku bayan nan babbar mota ta zo. Isa ya tafi jana'iza a Lambara. Masu lodin da suka zo da motar suka bi lamba, suka ɗauka. Wani ya ga tsumma ya rufe lambar buhu ɗaya, ya yanke shi ya yar.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Talata. Laraba da safe, ƙasa tana ƙamshi, Altine ta hau babur ɗan haya ta zo Shagari ɗaukar irinta. Isa ya shiga ya fito, ya sake shiga. A karo na uku ya fito da jan ƙyallen a hannu, ya tsinto shi a bayan ƙofa.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta karɓa ta dube shi, ta ce, "Gero na ce a sayar. Ban ce a sayar da Ummaru ba."

Na'ima ta yi kwana biyu tana bugun waya. Buhun ya wuce hannu biyu, ya shiga injin niƙa tun makonni uku da suka wuce. Ba wanda za a durƙusa wa a ce don Allah a warware. A taron da aka kira, ta miƙe a gaban dattawa ta ce laifinta ne, ita ta rubuta bayanin, ita ta bar giɓin. Wani ya ce ai Malam Husaini ya karanta ya ce ya isa. Ta ce, "Abin da aka ba shi ya karanta." Aka dakatar da Ɗan Aike. Rabin manoman suka ce bana hatsinsu a ɗakinsu zai kwana, ko da ɓera. Ita kuma ta ce in ta gyara abin da ta ɓata, ƙarshen wata za ta ajiye aikin.

A bakin masallaci bayan la'asar Malam Husaini ya ji labarin, har da amsar da ta ba mai tambaya. Ya dafe aljihunsa. Wani ya ɗauka zuciyarsa ce, ya kawo masa ruwa.

Da gari ya waye ya buɗe wasiƙar a kan murfin tafireta. Sunan 'yarsa harafi biyar ne da 'yar alama a tsakiya. Ya rubuta wa gwamnoni, ya rubuta wa matattu takardar gado, wannan suna kuwa sai ran nan ya rubuta shi. Sunan ya fito a karkace kamar na mai koyo. Ya shiga motar Shagari.

Na'ima kaɗai ce a ɗan ofishin da ke jikin sito. Ta tashi ta durƙusa. Ya ajiye takardar a kan tebur. Ta buɗe a hankali don ninkin ya kusa yagewa. Ta ga sunanta, ta tsaya. Sannan ta karanta shafi ukun, ta koma ƙasan na ƙarshe.

"Malam, wanga kwanan wata daidai ne?"

"Daidai ne."

"Washegarin taro."

"I."

Fanka tana juyawa a sama tana ƙara. A waje wani yana kiran mai shayi.

"Ga Altine nan a shafi na biyu," ta ce. "Sunanta kaɗai babu." Ta ajiye takardar, ta shafe ta da tafin hannu kamar mai guga. "Ni a Sakkwato na koyi aikin ga. Ba a koya mini jan ƙyalle ba, Gwaggo Habiba ba ta noma. Ranar nan da ka kai hannu ga hula, na ji daɗi. Na ce yau dai zai tambaye ni wani abu."

Ya dubi bango, bangon kuma ba abin da ke jikinsa sai kalanda.

"Malam," ta ce, "juya hular."

Ya juya. Ya goge tabarau. Ya ce shi baƙo ne, bai san ta ba, bai san ubanta ba. Ta sunkuyar da kai, sannan ta jawo kwamfuta. Daga hantsi har aka kira azahar yana tambaya tana amsawa tana bugawa, wani wuri su yi gardama, har sau ɗaya ta ce masa a'a, ba haka ba ne, kuma ita ce da gaskiya. Tun da aka haife ta ba su taɓa yin magana mai tsawon wannan ba. A ƙarshe shafi na uku na bayanin Ɗan Aike ya ce: "Wannan aiki ba ya komawa. Kafin ka yi shi, faɗa wa mai kaya yawan buhunan da za su bar hannunsa, ka jira ya amsa. In bai faɗi yawa ba, kada ka yi komi, tambaye shi. Buhun da aka shigar da alamar iri kada ka taɓa shi, ko mai shi ya ce duka, sai ya zo sito da kansa."

Da za ya tashi ya tambaye ta ko layin farkon nan, mai sunansa, ana iya cire shi.

"Ba a cirewa. Sai dai a ƙara wani a ƙasa."

"To ƙara. Husaini Sifawa ya ga giɓi uku ranar da ya karanta, bai faɗa ba."

Ta dube shi, wannan karon bai kau da ido ba. Ta buga.

Ta tafi ƙarshen wata kamar yadda ta ce, ta sami aiki a Kaduna. Shi kuwa ya ɗauki kekensa ya shiga Mandera da Lambara da ƙauyukan da ke tsakani, gida gida, yana tambayar wanda Ummaru ya taɓa ba iri. Yawancinsu sun riga sun shuka. Wasu suka kakkaɓe masa gindin ƙwarya, wani ya ba shi zangarniya biyu da suka rage a soke jikin jinka. Cikin kwana tara ya tara abin da bai cika mudu ba, kuma ya gauraye da wasu geron na shekaru.

Ya sami Altine a ƙofar gidanta da yamma. Ya gaya mata ko shi wane ne, da abin da ya gani, da watannin da takarda ta yi a aljihunsa. Bai rage komi ba, ya faɗa yadda ko baƙo zai gane. Ta saurara har ya gama.

"Kai ne mai juya hula?" ta ce. "Ummaru ya taɓa zuwa wurinka kan iyakar gona. Ya dawo yana zagi. Amma ya ci shari'ar."

Ta juye ƙullin a faifai, ta matsa inda sauran hasken rana yake. Da ɗan yatsa ta fara turawa, ƙwaya ƙwaya, wannan dama, wannan hagu. "Wanga nashi ne. Wanga ba nashi ba. Wanga ban sani ba." Malam Husaini ya tsuguna nesa kaɗan yana kallo. Tsibin dama bai fi cikin tafin hannu ba lokacin da aka kira magariba. Ta kwance jan ƙyallen daga bakin zanenta, ta zuba shi a ciki, ta ƙulle.

"Kunya huɗu zai yi, in ya yi," ta ce. "An makara da shuka, amma shi ya saba da makara. Tashi ka tahi, Malam, hanya da nisa."

Ya tura kekensa har bakin titi kafin ya hau. Hadari yana haɗuwa ta gabas. A hanya hannunsa ya yi ta komawa aljihun gaba, inda yanzu ba komi.